Jinkar da Ta Ƙi Ɗaguwa

A wani gari da ke kan tudu, akwai wani magidanci da kowa ke kira Baban Afiniki. Mutum ne mai ƙwazo. Ba ya sata, ba ya cutar kowa, ba ya fashin zuwa sujada. Yana noman citta da riɗi, in ya girbe ya kai kasuwannin nesa. Sai dai yana da wata ɗabi'a: duk abin da ya samu, sai ya mai da shi abin da ba ya ruɓewa. Ya sayi mundayen tagulla, ya sayi awarwaron azurfa, ya sayi murjani, har da kawunan garma sababbi fil waɗanda ba a taɓa sa wa ƙota ba. In ya dawo gida sai ya tura ƙofa, ya taka gado, ya cusa su cikin jinkar ɗakinsa, can tsakanin ciyawa da gwangwala, inda hayaƙi ya baƙanta komai.

Kowa a garin yana soke abu a jinka, ba shi kaɗai ba. Wannan ya soke lauje, wancan ya soke basilla, wata ta soke ludayi. Amma nasu abin da za a zaro gobe ne a yi aiki da shi. Na Baban Afiniki kuwa, in ya shiga ya shiga ke nan.

Da tsakar rana, in zafi ya kori kowa zuwa inuwa, yakan kwanta rigingine ya zuba wa jinkar ido. Wani in ya ɗaga kai, baƙar ciyawa zai gani da yanar gizo-gizo. Shi kuwa sararin sama yake gani da taurarinsa. Ya san ta gabas azurfa ce, ta yamma murjani ne, can ƙololuwa kuma tagulla ce jere kamar 'yan'uwa. Wani lokaci hasken rana yakan sato ta wata 'yar kafa ya sauka a ƙirjinsa, ƙura tana yawo a cikin hasken a hankali, sai ya ji kamar ɗakin ya rabu da ƙasa yana lilo da shi. Haka barci yake ɗauke shi, yana murmushi.

Matarsa Damaris ta sani, ko da yake bai taɓa faɗa mata ba. Wata rana tana shara ta tsaya, ta kasa kunne.

Ta ce, "Maigida, jinkar nan tana kuka fa."

Ya ce, "Iska ce."

"Wace irin iska ce da ba ta kaɗa ganye a waje?"

Washegari ya ƙara gwangwala huɗu, ya ɗaure su tam.

To, garin yana da wata damuwa. A bayansa akwai kwazazzabo mai zurfi, kowace damina sai ya ci ƙasa ya matso. Ya cinye gonaki, ya haɗiye tsohuwar rijiya, bara har ya tafi da itacen ɗorawar da ake zama a gindinsa. Dattawa suka je suka duba bakinsa, suka ce damina mai zuwa gidaje zai ci. Da maganar ta kai ga sarkin ƙasar, sai ya ji tausayinsu. Ya ba su fili a hayin kogi, ƙasa mai laushi, mai faɗi, kyauta. Abu ɗaya ya ce a kiyaye: a haye kafin ruwa ya sauka. Gama kogin nan da rani yaro ma yana taka shi, amma in ya cika, duwatsun cikinsa ba sa barin kwalekwale, ba mai hayewa sai bayan kaka.

A ƙasar, in za a yi ƙaura ba a barin jinka. Bango ƙasa ce, ko'ina ka je za ka sami ƙasa ka kwaɓa. Jinka kuwa aikin watanni ce, ga shi kuma bazara ce, an riga an ƙone daji, ba ciyawar yanka. Saboda haka sai a yi gayya. Mai ɗaki ya zare duk abin da ya soke, maza goma sha biyu su kewaye bangon, su sa kafaɗa, su ɗauke jinkar ɗungurungum, su tafi da ita.

Haka aka fara, gida bayan gida. Kowace safiya sai ka hangi jinkaye suna gangarawa daga tudu kamar manyan kunkuru masu ƙafafu da yawa, suna rangaji, waƙa tana fitowa daga ƙarƙashinsu. Su ratsa yashin kogi, su hau wancan hayi, su ɓace cikin itatuwa. In an ɗaga jinka kuwa, ba a rasa abin dariya. A wani gida mataji ya faɗo. A wani gidan ludayi ya faɗo, wanda aka yi shekara uku ana zargin maƙwabciya da shi, har uwargidan ta rufe fuska da mayafi ta je ta ba da haƙuri.

Baban Afiniki yana ganin wannan, sai ya tuna abin da ke cikin tasa jinkar. Ya sami sarkin gayya, wato Jatau, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, ya ce a bar tasa ta zama ta ƙarshe. Jatau ya yarda. Amma kwana ba ya tsayawa, ranar ta ƙarshe ta zo.

Jatau ya shigo gidan da mutanensa, ya ce, "Ɗan Gwaggo, ka zare kayanka?"

Ya ce, "Me nake da shi, Ɗan Kawu? Lauje ɗaya ne, ga shi nan a ƙasa."

Maza suka kewaye ɗakin, suka sa kafaɗa. Jatau ya ba da murya, suka yunƙura. Jinka ba ta motsa ba. Suka gyara tsayuwa, suka sake. Ko gezau. Aka kira wasu shida daga waje suka shiga tsakani. A karo na uku ta ɗagu kamar faɗin tafin hannu, sai wani siririn amo ya fito daga cikin ciyawar, kamar ƙararrawa a gari mai nisa. Suka sake ta, ta koma ta zauna.

Jatau ya share gumi, ya ce, "Ɗan Gwaggo, ciyawar taka har kiɗa take yi? A wace fadama ka yanko ta, mu ma mu je?"

Aka kwashe da dariya.

Baban Afiniki ya ce, "Kunkunniya ce. Shekara ashirin ana hura wuta a ɗakin nan."

Wani daga baya ya ce, "Kunkunniya mai murya. Baba, a sa ta cikin mawaƙa mana."

Baban Afiniki ya ce, "Ku dai ce kunun da kuka sha bai kai muku ba. Samarin yanzu ba ƙashi."

Sai Jatau ya kama hannunsa ya ja shi bayan rumbu, ya sassauta murya. "Ji nan, ɗan'uwana. Na ɗauki jinka ta fi ɗari, na san nauyin ciyawa. Ba wanda ya ce ka zubar da abinka. Fito da shi fili kawai. Mata suna da kwanduna. Abin da ya ɗauku a ɗauka, abin da ya yi yawa ka raba, ai akwai masu noma da guntuwar garma a cikinmu. In ta yi sauƙi, kafin azahar tana hayi."

Baban Afiniki ya ga abin a zuciyarsa sarai: kayansa shimfiɗe a tsakar gida, rana tana dukansu, idanun gari duka a kansu. Ya ga fuskar maƙwabcinsa da ya zo aron garma ya ce masa ba shi da ita. Ya ga gwauruwar da ɗanta ya yi ciwo, wadda ya sallama da "Allah ya sawwaƙe" kawai. Ya ga hannuwa suna miƙowa, taurarinsa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya zuwa gidajen mutane.

Ya ce, "Ba komai a ciki."

Jatau ya daɗe yana kallonsa. Sa'an nan ya juya ya ce wa mutanensa, "Mu tafi."

Damaris ta naɗe tabarma, ta ɗora tukunya a ka. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Maigida, zan bi su in share mana wuri. Yaushe za ka zo?"

"Gobe."

"Goben Allah, ko taka?"

Ya kau da kai. Ta bi sahun mutane, tana tafiya tana waiwaye.

Ya yi tunanin ya riƙa kwasa kaɗan-kaɗan shi kaɗai. Amma in ya kai hayi, a ina zai soke su? Ba shi da jinka a can. Sai ya zauna. Gari ya zama kufai. Bangaye suka tsaya baki buɗe suna kallon sama, ɗakinsa kaɗai ke da hula. Ba kukan jariri, ba ƙarar turmi, ba mai sallama. Da fari abin ya yi masa daɗi, gama yanzu yana iya barin ƙofa a buɗe. Yakan kwanta ya kalli sama tasa tun hantsi har la'asar, ba mai cewa ya tashi. Shamuwa suka iso suka sauka a kan bangayen da ba kowa. Iska ta juya, ta fara kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wuri da ido bai kai ba.

A rana ta biyar da hantsi, ya ji sallama. Jatau ne, shi kaɗai, riƙe da sanda, wandonsa jiƙe har gwiwa.

Ya ce, "An yi ruwa a kan duwatsu, kogi ya taso. Yanzu yana gwiwa. Kafin rana ta karkata zai wuce wuya."

Baban Afiniki ya ce, "To jinkar fa?"

"Bar ta. Mun gina maka bango, matarka da hannunta ta yaɓe shi. Jiya mun zauna, kowane gida ya yarda zai zare dami ɗaya daga jinkarsa a haɗa maka taka. Har wanda ka hana garma, shi ya fara ɗaga hannu. Taho yadda kake."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya sa takalmi, ya bi Jatau, suka ratsa kufai suka fara gangara. Daga nan ana hango kogin, ya yi ja, kumfa tana tafiya a kansa. Sai ƙafarsa ta tsaya.

"Ɗan Kawu, abu ɗaya kawai."

"Wane abu kuma?"

"Wata munduwa. Tafiyar kwana tara na yi kafin in same ta. Yanzu-yanzu zan dawo."

Jatau bai yi wasa ba wannan karon. Ya ce, "Zan tsaya maka a mashigi, cikin ruwa, in nuna maka inda za ka taka. Amma ba ni ke riƙe da kogin ba, Ɗan Gwaggo."

Ya koma da gudu, ya taka gado, ya zura hannu cikin ciyawa. Munduwar tana nan, da sanyinta. Da ya zaro ta, yatsansa ya taɓa awarwaron da ke kusa da ita. Ya ce a ransa, wannan ai ba shi da nauyi. Ya zaro. Bayansa ga murjani. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a kan gado. Kowane abu ya fito da ranarsa: wannan ya zo da ƙamshin kasuwar da aka saye shi, wancan da muryar maƙerin da ya ƙera shi, wani da inuwar tsamiyar da ya huta a gindinta yana dawowa. Ya riƙa juya su a tafin hannu yana goge musu baƙi, suna buɗe ido suna kallonsa. Ɗan hasken nan na kafa ya sauko daga bangon yamma, ya ratsa daɓe, ya fara hawa bangon gabas. Can nesa ya ji kamar ana kiran sunansa, sau ɗaya, sau biyu. Ya ce kurciya ce.

Da ya ɗaure ƙunshin, ya kasa ɗagawa. Ya kwance ya cire kawunan garma biyu. Ya dube su a ƙasa, ya mayar da ɗaya. Da ƙyar ya kai kayan bisa kansa, ya fito yana tangaɗi. Sai ya ga gabas ta yi baƙi ƙirin.

Da ya isa mashigi, babu mashigi. Ruwa ne ja daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana tafe da itatuwa da saiwoyinsu. A hayi ga Jatau a tsaye, jiƙe har wuya, ba sanda a hannunsa, gama bai fita ba sai da ruwa ya ƙwace ta. Kusa da shi ga Damaris, ta ɗora hannu biyu a ka. Bakinsu yana motsi, amma rurin kogi ya haɗiye maganar. A bayansu jinkaye ne jere, hayaƙin girki yana tashi daga kowace. A tsakiyarsu kuma ga wani sabon bango, zagayayye, yaɓaɓɓe, a buɗe.

Baban Afiniki ya sauke ƙunshin a bakin ruwa, ƙunshin ya yi wani ɗan amo mai daɗi. Ɗigon farko na ruwan sama ya sauka a kafaɗarsa. Daga bayansa, can wajen kwazazzabo, ya ji ƙasa ta fara zubewa.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Garin kan tudu duniyar nan ce. Tana da daɗi, a cikinta aka haife mu, amma ƙasarta tana zaizayewa, kowace shekara bakin ramin yana matsowa. Sabon garin kuwa mulkin Allah ne, wanda Sarki ya bayar kyauta. Wanda ya ratso ruwa ya dawo domin mutum ɗaya, ya ce taho yadda kake, ya tsaya cikin kogi yana jira, kun san shi. Yesu Almasihu ne, wanda ya shiga mutuwa kanta domin mu sami wurin takawa.

Jinkar kuma zuciyarka ce. Ku lura da kyau, daga waje jinkar Baban Afiniki ba ta da bambanci da ta kowa. Ciyawa ce kamar ta maƙwabcinsa. Sai ranar ɗagawa aka san nauyinta. Haka muke. Muna zama a benci ɗaya, muna rera waƙa ɗaya, ba mai sanin abin da wani ya cusa a ciki, sai ranar da Allah ya ce tashi. Tashi ka gafarta, tashi ka bayar, tashi ka bar aikin nan mai ƙazamar riba, tashi ka tafi inda na aike ka. A ranar ne za ka ga wani ya miƙe sakayau, wani kuma ko mutum goma sha takwas ba sa iya ɗaga shi.

Wani zai ce, to samun ne laifi? A'a. Mutumin nan da guminsa ya samu. Ba a ma fara ce masa ya zubar ba. Cewa aka yi ya fito da shi fili, a ɗauki na ɗauka, a raba na rabawa. Garma a hannun manomi albarka ce, abinci take kawowa. Garma a cikin jinka nauyi ce kawai. Abu ɗaya ne, wurin ajiya ne ya bambanta. Ubangijinmu ya koya mana cewa zuciya tana bin ajiya duk inda aka kai ta, kuma ba a yi wa Allah da dukiya bauta tare. Mutumin nan yana zuwa sujada ran Lahadi, amma sauran kwana shida wa yake ɗaga wa ido?

Kada kuma wani ya ce, ni ai talaka ne, wannan darasin na masu shaguna ne da masu motoci. Munduwa ɗaya ce ta mai da shi daga hanya. Taka tana iya zama akuya biyu, ko ɗan filin gado da ya raba ka da ɗan'uwanka shekara bakwai ba kwa gaisawa. Tana iya zama wayar da ke hannunki, ko zanen da ke ƙasan akwati wanda ba kya ɗaurawa, ba kya kuma iya bayarwa. Mu matasa kuwa, sau da yawa abin da muka soke bai ma zo hannu ba tukuna. Takardar makaranta ce da babban aikin da muke mafarki, mu kwanta rigingine muna kallonsa har addu'a ta gagare mu. Wanda ba shi da komai yana iya ɗaukar jinka mai nauyi fiye da ta attajiri.

Yaya za ka gane naka? Tambayi kanka, mene ne in aka taɓa maganarsa sai in ce iska ce, kunkunniya ce, ba komai a ciki? Mene ne ba na so matata ta sani, ko mijina, ko 'yan'uwa masu bi? Abin da ba ka iya fitarwa fili a gaban Allah da mutane, ba kai ke riƙe da shi ba kuma. Shi ke riƙe da kai.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, mutumin nan bai ƙi zuwa ba. Ya yi hawaye, ya sa takalmi, ya kama hanya. Yana so ya haye. So yake kawai ya haye da abu ɗaya a hannu. Da yawa a cikinmu ba mu taɓa ce wa Yesu a'a ba. Cewa muke yi, yanzu-yanzu zan dawo.

Saboda haka kada mu tashi daga darasin nan da gyaɗa kai kawai. A makon nan kowa ya zura hannu cikin tasa jinkar, ya zaro abu ɗaya da ya san ya yi masa nauyi. Ka kira sunansa a gaban Allah cikin addu'a. In na bayarwa ne, ka kai wa wanda ka san yana bukata, da ƙafarka, kafin Lahadi mai zuwa. In na tuba ne, ka tuba. Kada ka ji tsoron kwana a fili, gama wanda ya kira ka ya riga ya shirya maka wuri, jama'arsa kuma ba za su bar ka ruwa ya dake ka ba.

Mutumin misalin ya makara. Kai da kake jin wannan ba ka makara ba. Yau ruwa a gwiwa yake, Mai Ceto kuma yana tsaye a ciki yana kiran sunanka. Kada ka ce kurciya ce.